RAYUWAR ƊALIBI A KWALEJI MAI ZAMAN KANTA DA SHIRIN KARATU A ƘASAR WAJE

Ɗaliban aji shida da ke shirin barin makaranta, da iyayensu a Sandamu da sauran garuruwan ƙasar Daura, tambaya ɗaya ce ta fi damunsu a wannan lokaci: daga nan sai ina? Waɗansu za su nemi gurbi a makarantun gwamnati. Waɗansu kuwa za su nufi kwalejoji da jami'o'i masu zaman kansu, watau waɗanda mutane ko ƙungiyoyi suka kafa da kuɗinsu, waɗanda jama'a suka fi sani da makarantun kuɗi. A cikin waɗannan na biyu akwai da dama da ke ɗauke da wani buri a zuci, su ƙarasa karatunsu a ƙasar waje. Wannan bayani dominsu ne, da iyayen da za su ɗauki nauyinsu. Abin da muke so mu nuna shi ne, shirin tafiya waje yana farawa tun ranar da ɗalibi ya ajiye akwatinsa a kwaleji, kai, tun ma ranar da ya cika takardar jarrabawar WAEC. Wanda ya bari sai ranar neman biza ya makara.

WAƊANDA SUKA RIGA MU TAFIYA

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya tashi daga Katsina ya yi gabas, ya rubuta littafinsa na lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamanin Turawa, Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Najeriya, ya fara karatu a makarantar mishan ta Wusasa kusa da Zariya, ya wuce Kwalejin Sarki ta Legas, daga nan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito daga Kwalejin Katsina, ya koyar a Bauci fiye da shekara goma, tukuna aka tura shi London a 1945 ya ƙaro ilimin koyarwa. Muhammadu Buhari na nan Daura ya gama sakandare a Katsina, ya shiga makarantar horon soja a Kaduna, sa'an nan aka aika shi Aldershot a Ingila a 1962.

Ku lura da abu ɗaya game da mutanen nan. Babu wanda ya tafi hannu rabbana a cikinsu. Kowannensu ya ƙoshi da karatun gida kafin ya ƙetare, abin da ya je nema a can ƙari ne a kan tushen da ya riga ya kafu.

MAKARANTUN KUƊI DA INDA SUKE

A 1999 ne gwamnatin tarayya ta ba jami'o'i uku masu zaman kansu lasisi, su ne Igbinedion a Okada, da Babcock a Ilishan-Remo, da Madonna a Okija. Dukansu a Kudu suke. Zuwa 2024 yawan irinsu a Najeriya ya haura 140. Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Al-Qalam a birnin Katsina, wadda aka kafa a 2005. A shekarar ce kuma ekklisiyar ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a Karu, jihar Nasarawa. Akwai Jami'ar Amurka ta Najeriya a Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa. A Kano akwai Skyline tun 2018, da Jami'ar Maryam Abacha wadda ta sami lasisi a 2021, ko da yake 'yar'uwarta ta Maraɗi ta girme ta, gama ita an buɗe ta tun 2013. Ban da jami'o'i akwai ƙananan kwalejoji masu yawa na horon malamai, da na aikin jinya, da na kiwon lafiya, a kusan kowane babban gari.

Me ke sa uba ya sayar da shanu ko amfanin gona ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga kwalejin fasaha ta tarayya a nan Daura? Babban dalili shi ne lokaci. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata tara. A 2022 sun sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin makarantar kuɗi bai san wannan ba. Idan an ce masa shekara huɗu, to shekara huɗu ce, muddin bai faɗi jarrabawa ba kuma kuɗi bai yanke ba. Dalili na biyu shi ne gurbi. Masu zana jarrabawar JAMB kowace shekara sun fi ƙarfin kujerun da ke makarantun gwamnati nesa ba kusa ba, musamman a fannin likita da jinya da shari'a.

Amma kuma iyaye su san wannan: rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma asusun TETFund da ke gina azuzuwa da ɗakunan gwaji ba ya ba makarantun kuɗi. Duk abin da makarantar kuɗi za ta yi, daga aljihun iyaye da na mai makaranta yake fitowa. Saboda haka tsada ba ta tabbatar da inganci. Akwai mai kyau ƙwarai, akwai kuma wadda allon bakin ƙofarta ya fi ɗakin karatunta girma.

Kafin a biya ko sisin kwabo, a bincika hukumar da ta amince da makarantar. Jami'o'i suna ƙarƙashin NUC ne. Kwalejojin horon malamai suna ƙarƙashin NCCE. Na fasaha da na kiwon lafiya suna ƙarƙashin NBTE, wadda hedkwatarta ke Kaduna. Aikin jinya da ungozoma yana da tasa majalisar. Kuma amincewa da makaranta dabam, amincewa da kwas dabam. Jami'a tana iya samun lasisi, amma kwas ɗin da ɗanka zai shiga bai sami amincewa ba tukuna. Kuma a tabbatar gurbin ya bi ta hannun JAMB, gama wanda sunansa ba ya wurinsu zai sha wuya ranar tafiya bautar ƙasa. Duk jami'ar waje da za ka nema daga baya, abu na farko da za ta duba ke nan: shin ƙasarka ma ta san makarantar da ka fito?

ZAMAN YAU DA KULLUM

Wanda ya yi zaman makarantar kwana irin tamu ba zai ji baƙunta ƙwarai a yawancin makarantun kuɗi ba. Akwai dokar sutura. Akwai lokacin rufe ƙofa. A waɗansu ba ka fita sai da takardar izini, a kan kuma buga wa iyaye waya kafin a ba ka. Ana kiran suna a aji, wanda bai halarci yawancin darussa ba a kan hana shi zana jarrabawa. Kowace makaranta da nata tsarin, ya danganta da waɗanda suka kafa ta. A Babcock, alal misali, ba a dafa nama a ɗakin cin abincin ɗalibai. Ya kamata ɗalibi ya karanta littafin dokokin makaranta tun kafin ya shiga, kada ya je yana ƙorafi a kan abin da ya sa hannu ya yarda da shi.

Bambancin da zai ji tun makon farko shi ne na aljihu. A nan Sandamu kusan kowa ya san gidan kowa, abincinmu ɗaya, suturarmu kusan ɗaya. A can za ka kwana ɗaki ɗaya da wanda direba ke kawo wa abinci daga gida, wayar hannunsa kaɗai ta isa kuɗin makarantarka na zango guda. Nan ne yara da yawa suke ɓacewa. Yaro ya fara jin kunyar garin kwaki da ƙuli-ƙulin da mahaifiyarsa ta ɗaure masa, ya shiga cin bashi don ya yi daidai da abokai, kuɗin littafi ya tafi wajen sayen kaya. Ɗalibin da ya iya riƙe kuɗin wata guda ya kai shi ƙarshen wata a Katsina ko Kano, ya riga ya koyi rabin abin da zai bukata a London ko Alƙahira, inda babu kawu ko gwaggo da za a ruga wurinsu idan tukunya ta bushe.

Sai maganar maki. A jami'a kowace jarrabawa tana shiga lissafi, tun daga zangon farko na shekarar farko, ana tara su a fitar da matsakaici. A tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, ƙololuwa ita ce 5.00. Daga 4.50 zuwa sama shi ne digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba. Yawancin masu ba da tallafin karatun digiri na biyu a waje ba su cika duban wanda ya gaza wannan ta biyun ba. To, shekarar farko ita ce mafi sauƙin darussa, ita ce kuma wadda ɗalibai suka fi yin wasa da ita. Wanda ya zubar da makinsa a aji ɗaya zai yi shekara uku yana jan kaya a hawa, gama matsakaici yana da saurin sauka da wuyar tashi.

Ƙarancin ɗalibai a aji wata dama ce da yawancinsu ba su amfani da ita. A ajin mutum 40 malami yana iya sanin sunanka da irin rubutunka. Ranar da za ka nemi gurbi a waje za a bukaci wasiƙar shaida daga malamai biyu ko uku, su faɗi abin da suka sani game da kai. Malamin da bai taɓa jin muryarka ba, me zai rubuta? Tarbiyyarmu ta koya mana kunya da sunkuyar da kai gaban na gaba, abu ne mai kyau, amma ladabi ba ya hana tambaya. Ka je ofishin malami da tambayar da ka shirya, ka shiga ƙungiyar muhawara ko ta aikin taimakon jama'a, ka riƙe wani ɗan muƙami ko da na ma'ajin aji ne. Masu tace takardu a waje suna duban waɗannan.

Haka nan a koyi rubutu da kai. Kwafe aikin wani daga intanet a miƙa wa malami ya zama ruwan dare, waɗansu ma ba su ɗauke shi laifi ba. Jami'o'in waje suna da manhajar kwamfuta da ke gano satar rubutu, hukuncinta kuwa yana kaiwa ga kora. Wanda bai saba karanta littafi ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa ba, can ba wurin fara koyo ba ne.

SUNA ƊAYA, RANAR HAIHUWA ƊAYA

Nan za mu ɗan daɗe, domin wannan ƙaramin abu ya tsayar da tafiyar mutane da yawa a ƙasar Hausa. Mu ba mu saba da sunan dangi irin na Turawa ba. Yaro a firamare an rubuta shi da sunan mahaifinsa. A sakandare ya ƙara sunan garinsu, ya zama wane Sandamu ko wane Daura. A jami'a ya ga sunan kakansa ya fi daɗi, ya sauya. Ga kuma rubutun sunan kansa: yau Muhammadu, gobe Mohammed, jibi Muhammad. Yarinya a wata takarda A'isha, a wata Aishatu, a gida kuma Indo. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikacin ofishin jakadanci, mutum uku ne.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawa an haife su a gida ba a rubuta ba, ranar cika takarda sai a zaɓi 1 ga Janairu, wani lokaci kuma a rage shekara ɗaya ko biyu bisa shawarar wani. Daga baya takardar haihuwa ta ce abu kaza, ta WAEC ta ce wani abu, lambar ɗan ƙasa ta NIN ta ce wani dabam. Hukumar shige da fice ba ta yin fasfo sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi za a buga a fasfo. Gyara yana yiwuwa, da takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida da zirga-zirga ofis-ofis, amma yana cin watanni, gurbin karatu kuwa ba ya jira.

Saboda haka, ku 'yan aji huɗu da aji biyar da ba ku cika takardar WAEC ko NECO ba tukuna, ku zauna da iyayenku ku tsai da suna ɗaya, da harufa ɗaya, da jeri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya. Ku karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma daga sakatariya. Ku ajiye na ainihin a wuri mai kyau inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, ku ɗauki hotonsu ku adana a imel.

JARRABAWA, HARSHE DA LOKACIN TAFIYA

Kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin kwasa-kwasai, shi ne mabuɗin farko a gida da waje. Jami'o'in waje da yawa sukan nemi lambar katin duba sakamako su shiga shafin WAEC su gani da idonsu. Waɗansu jami'o'in Ingila suna karɓar kyakkyawan sakamakon Turanci na WAEC a matsayin shaidar iya harshe, waɗansu kuwa sai an zana IELTS ko TOEFL. Ita IELTS kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Makinta yana tsayawa a 9, sakamakonta kuma shekara biyu yake aiki, don haka kada a yi gaggawar zana ta tun tafiya tana nesa. Ɗalibanmu sun fi shan wuya a sauraro da magana, gama Turancinmu na littafi ne, kunnenmu bai saba da saurin bakin masu harshen ba. Maganinsa sauraron labarai da Turanci kowace rana, da yin magana ba tare da jin kunyar kuskure ba. Mai nufin Masar ko Saudiyya ya dage da Larabci. Mai nufin Jamus, ko Sin, ko Turkiyya ya sani cewa ko da kwas ɗin da Turanci ake koyarwa, kasuwa da asibiti da harshen ƙasar suke.

Yaushe ya fi kyau a tafi, bayan sakandare ko bayan digiri na farko? A ganinmu, ga yawancin gidajen ƙasar nan, na biyun ya fi. Jami'o'in Ingila da yawa ba su ɗaukar mai WAEC kai tsaye sai ya yi shekara guda ta share fage, watau kuɗin shekara huɗu ke nan a jere. Digiri na biyu kuwa a can shekara ɗaya ne. Tallafin karatu ma ya fi yawa a wannan mataki. Akwai na Commonwealth da aka fara a 1959, da Chevening na gwamnatin Birtaniya tun 1983, wanda ke bukatar mutum ya yi aiki na kimanin shekara biyu, da na asusun PTDF ga masu fannin man fetur da makamashi. Ban da haka, mai shekara 23 ya fi mai shekara 17 iya riƙe kansa a baƙon wuri.

Akwai tallafin gwamnatocin jihohi ga masu digiri na farko. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta tura ɗaliban jihar Katsina karatun likita a Masar, waɗansu kuma ƙasar Sin, bayan jarrabawar tacewa. A riƙa sauraron sanarwa daga hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Amma tsarin gwamnati yana sauyawa. Tallafin gwamnatin tarayya na musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungary, wanda ɗalibansa suka sha kukan jinkirin alawus, a 2025 gwamnati ta sanar da daina tura sababbi a cikinsa.

KUƊI

A farkon watan Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Ku yi lissafi da kanku: uban da ake bin ɗansa dala 10,000, da naira miliyan 4.6 zai nema, cikin wata takwas abin ya zama miliyan 15. A 2024 an sami ɗaliban Najeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu aka ce su koma gida saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Ba sakaci suka yi ba, kuɗin da suka tara ne ya narke a hannunsu. Don haka duk gidan da zai tura yaro da kuɗinsa, ya lissafa na dukan shekarun, da na ɗaki da abinci da inshorar lafiya da jirgi, sa'an nan ya ƙara wani abu a kai saboda halin naira.

Kada a dogara ga cewa yaro zai yi aiki a can ya biya wa kansa. A Birtaniya ɗalibin digiri awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, wannan kuwa da ƙyar ya riƙe ɗaki da abinci. Kafin su ba da biza sai sun ga kuɗin sun kwana 28 a jere a asusun banki, sai kuma takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da suka amince da shi. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma sai ɗalibi ya nuna kuɗin zamansa na shekara guda, wanda aka tsayar a yuro 11,904 a 2024. Dokokin biza kuma ba su zama wuri ɗaya. Daga Janairu 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalinsu. A Disamba 2025 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba su biza, har da ta ɗalibai. Abin da wani ya gaya maka ya yi shekara biyu da suka wuce ba lalle ne yana aiki ba, ka duba shafin ofishin jakadancin da kanka.

DILLALAI DA TAKARDUN BOGI

Inda buri ya yi yawa, 'yan damfara ba su nisa. Akwai ejan-ejan na gaskiya da jami'o'i suka san da su. Akwai kuma wanda zai ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi da biza cikin mako biyu, ya haɗa maka takardar banki ta ƙarya. Idan aka gane, kuma a kan gane, Birtaniya tana iya hana mutum shiga ƙasarta har shekara goma, shi kuwa dillalin ya riga ya canza lambar waya. Kuɗin makaranta a asusun makaranta ake biya, ba a asusun wani mutum ba. Wasiƙar gurbi kuma ana iya tabbatar da ita ta hanyar aika imel kai tsaye ga jami'ar.

A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba. A Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Abin tausayi shi ne har waɗanda suka zauna suka yi karatun gaskiya a ƙasashen nan abin ya shafa. Darasin ya shafe mu kai tsaye, gama mu mutanen bakin iyaka ne. Daga nan zuwa Kwangwalam ba nisa, ɗan Daura a Damagaram ko Maraɗi ba ya jin ya bar gida, Hausa ake yi, tuwo ɗaya ake ci. Amma a idon doka Maraɗi ƙasar waje ce daidai da Faransa. Digirin da aka samo a can sai ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance shi. A tambayi ma'aikatar matsayin makarantar tun kafin a tafi.

A kuma duba zaman lafiyar ƙasar. A Fabrairu 2022 yaƙi ya ritsa da dubban ɗaliban Najeriya a Yukiren, da yawansu masu karatun likita. A 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu, yawancinsu 'yan Arewa, aka kwaso su a motoci ta hamada zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Ba mai iya hango irin wannan duka. Abin da ɗalibi zai iya yi shi ne ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ya sauka, ya riƙe fasfonsa a hannunsa, ya kuma riƙa karɓar sakamakonsa a rubuce a ƙarshen kowace shekara. Wanda ya dawo da takardar sakamako yana da abin nunawa idan zai nemi ci gaba a wata jami'a. Wanda ya baro nasa a ofishin da aka rufe, sai ya koma baya.

KAYAN TAFIYA DA RANAR DAWOWA

Sanyin hunturunmu wasa ne a kan na Turai. A watan Disamba a Ingila rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, duhun nan da kaɗaici suna taɓa zuciyar baƙo fiye da yadda ake zato. A nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya da wurin ibada tun makon farko. Samari su koyi girki tun suna gida, babu abin kunya a ciki, gama abincin sayarwa a can yana cinye aljihu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji a kan iya tafiya da su idan an ɗaure da kyau an kuma bayyana su a filin jirgi, amma kilishi da dambun nama an hana shiga da su Ingila da Amurka, ƙwacewa za a yi. Katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya, ya kasance tare da fasfo. Iyayen 'yan mata kuma su bincika wurin kwana da kansu, su sami lambar ofishin kula da baƙin ɗalibai na jami'ar, su san wani amintacce a garin.

Dawowa ma tana da nata ƙa'idodi, kuma gara a san su tun kafin a zaɓi kwas. Wanda ya karanta likita a waje ba zai taɓa majiyyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN. Wanda ya karanta shari'a sai ya yi wani kwas na share fage a Makarantar Lauyoyi ta Najeriya kafin ya haɗu da waɗanda suka yi karatu a gida. Masu jinya da masu haɗa magunguna su ma majalisunsu suna da nasu gwajin. Wanda kuma ya gama digirinsa na farko bai kai shekara 30 ba, bautar ƙasa tana jiransa, inda hukumar NYSC za ta nemi ganin takardunsa na ainihi, tun daga na WAEC har fasfon da ya yi tafiya da shi, da hatimin shiga da fita a ciki. Kada a yar da tsohon fasfo don an yi sabo.